Goran Zaid a Gidan Tarihi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Diffa ta wajen masu tattasai ya ga Ba Tahiru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai dogon wuya da ke zaune gindin katanga, basilla a hannu, fasassun ƙore jibge a gabansa. Gyartai ne a garin da roba ta riga ta kashe wa ƙwarya kasuwa. Wata rana ya ɗinka uku, wata rana ya wuni yana atishawar yajin mutane ya tashi hannu Rabbana. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi masunci ne, alhali rabon ƙafarsa da ruwan gulbi shekara tara ke nan. An ce gyartai da ya ci sarauta ya hana a tuna baya. Wannan gyartan bai ci komai ba, kuma in ka ɗauke masa baya ba shi da sauran abin tunawa.

An haife shi a Dalakuri, wani ƙauye gabas da Geskeru, inda Komadugu ke karya kwana. Mutanen ƙauyen ba su damu da kwalekwale ba, gora suke hawa. Ƙaton gora ne wanda hannu biyu ba sa zagaye shi, a yanke masa baki, masunci ya kifa cikinsa a kai, ya riƙa iyo da hannu da ƙafa yana jan koma, tarwaɗa ko karfasar da ya kama ya jefa ciki. In ruwa ya ja baya sai a koma fadama a yi noman tattasai. Haka ya taso ya tarar da ubansa, haka ya yi zaton zai bar ɗansa.

Gora ba ya shekara biyu bai tsage ba, saboda haka kowane gida da irin ɗinkinsa. Wasu suna yin sawun kaza, wasu tsani. Na gidan su Tahiru, a soka biyu a jere, a tsallake ɗaya, a ƙulle, da zaren kaba, a shafe da danƙo. Masuncin wannan yanki ko bai iya karanta sunansa ba, in ya ga gora zai gaya maka gidan da ya fito. A kan haka suka kafa wata al'ada tasu. Idan ruwa ya ci mutum, waɗanda suka tsinci gawarsa can ƙasa su yi masa wanka da salla su binne shi, sannan su sa wuƙa a wuta su ƙona zobe a gindin goransa, su kai goran rumfar masu kifi ranar kasuwa su ajiye. Ba aike, ba shela. Kafin kasuwa biyu wani ya gane ɗinkin ya ɗauka ya kai gidan. Maigida ya juya gindi ya ga zobe, ya san nasa ya samu kabari. Wannan ita ce wasiƙarsu, kuma ba ta taɓa ɓata ba.

Matarsa Falmata ta haifa masa bakwai, ɗaya ne ya tsaya, shi ne Zaid. Yaro ne mai shiru, mai faɗin kafaɗa, wanda ya fi ubansa iya ruwa, ko da yake uban bai taɓa yarda da hakan a gaban mutane ba. Yana da ashirin da uku aka aura masa Karima, 'yar manoman tattasai daga ƙauyen gaba. Wata biyar suka yi tare.

Shekarar ce mutanen daji masu bindiga suka fara ƙetaro gulbi. Aka hana kamun kifi, aka hana babur, aka rufe kasuwanni, daga ƙarshe aka ce Dalakuri da maƙwabtanta su tashi cikin kwana uku. Ranar da za a tafi, ana ta ɗaure kaya, Ba Tahiru ya tuna da sabon kalli, wato doguwar ragar da suka kafa a bayan kwanar gulbi. Zaid ya ce a bar ta. Uban ya ce: "A bar ta? Raga tsirowa take a bakin kwalta? Je ka ɗauko, mutumin banza." Zaid ya ɗauki goransa, wanda tsohon ya ɗinke masa a makon nan, ya gangara. Da hantsi aka ji harbi ta wajen kwanar, ba mai yawa ba. Suka jira har la'asar, soja suka ce ko su hau mota ko su kwana su kaɗai.

Suka yi shekara biyu a bukkar leda a bakin hanya, inda Falmata ta rasu da tari da baƙin ciki. Daga nan shi da Karima suka shigo Diffa, suka samu ɗaki biyu a wani kangon gida. Ita tana tsintar tattasai wa 'yan kasuwa, shi yana ɗinkin ƙwarya. Dokarsa ɗaya ce, kuma kowa a unguwar ya haddace ta: ba gawa, ba gora, ba mutuwa. Kullum da yamma kwano uku Karima ke zubawa. Na ukun a rufe shi a ajiye, da safe ta ɗumama su karya da shi. Ranar sadakar bakwai ta Falmata, da wani ya yi kuskuren haɗa Zaid cikin addu'ar mamata, tsohon ya miƙe a gaban jama'a ya ce: "Ranar da na ji Zaid ya mutu, ku haƙa kabari biyu."

Ya san abin da rayuwar Zaid take nufi. Saurayin da aka ɗauka a bakin gulbi a wancan lokaci, in yana raye, to yana daji da bindiga a kafaɗa. Ba Tahiru ya gwammace haka. Ya fi son ɗansa ya zama abin da ake tsine wa a masallaci da a ce kalmar bakinsa ce ta tura shi kabari. Yana jin kunyar wannan fata, kuma bai daina yin ta ba.

Da aka cika shekara huɗu, limamin unguwa ya ce shari'a ta ba Karima hanya, a je gaban alƙali a warware mata. Wani dillalin tattasai mai suna Kashim, mutumin kirki wanda matarsa ta rasu, ya aiko manya har sau biyu. Tsohon ya ce musu matar aure suka zo nema, su ji tsoron Allah. Karima kuwa, da iyayenta suka riga suka rasu, 'yan uwanta suka watse cikin Najeriya, ta ce ba za ta taka ko'ina ba sai da yardar Ba. Son kai ne ya yi, ba wani suna da za a sa masa, sai dai son kai ne irin na wanda abu ɗaya ya rage masa a duniya.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta buɗe ɗan gidan tarihi a cikin gari, aka tara kayan mutanen gulbi da na daji da na tudu. Aka gayyaci dattawan 'yan gudun hijira su zo su gani. Ba Tahiru ya ce: "Muze? Inda ake jera kayan matattu? Ni ban mutu ba." Karima ta je tare da matan da suke tsintar tattasai, don an ce za a ba da lemo. Ta dawo ba ta ce komai ba, washegari ta kwanta, ta ce shawara ce. Ciwon ya daɗe. Ta bar kwalli, ta bar humra da turaren wuta, ta maƙale wa zane ɗaya, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Tsohon ya yi ta jiƙo mata saiwoyi yana faɗan ba ta sha da kyau. Can bayan watanni ta warke, ta koma aikinta.

Wata Laraba, bayan an gama kaka, wata mata mai tabarau da jaka a kafaɗa ta tsaya a kansa a kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sunanta Halimatu Sa'adiya, ita ce mai kula da gidan tarihin, daga Damagaram aka kawo ta.

"Baba, an ce duk Diffa kai kaɗai ka rage mai ɗinkin gora irin na da. Muna da wani babba, ɗinkinsa na kwancewa. Darakta ya ce a sa kol a liƙe, ni na ce a'a."

"Kol!" in ji shi. "A gora? Ku mutanen buro masu zaman ofis, in aka bar ku sai ku liƙe gulbi da takarda."

Wannan kol ɗin ne ya kai shi. Gayyata ba ta kai shi ba, amma a ce za a shafa wa gora abin liƙe takalmi yana raye, wannan ba zai yiwu ba.

Da safe yana ɗaure basillu da zaren kaba, Karima ta tsaya bakin ɗakinta da tsintsiya a hannu.

"Ba, ƙafar nan taka ba ta son tafiya. Ka ce su kawo maka kasuwa."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ba kai ka ce gidan matattu ne ba?"

"Aiki za ni, ba kallo ba."

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara, sai ta sunkuya ta ci gaba da shara.

Ya ce ba kallo za shi ba, amma Halimatu Sa'adiya ba ta yarda baƙo ya wuce ɗaki bai gani ba. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar zai shiga masallaci, mai gadi ya ce ba sai ya cire ba, shi kuma ya ƙi mayarwa. Ɗakin farko zane-zane ne na samarin gari. Ya tsaya gaban wani babba inda aka zana Komadugu shuɗi fes, da mutum tsaye cikin jirgi yana murmushi. Ya tambaya ko mai zanen ya taɓa ganin gulbin. Ta ce yaron a sansani ya girma, da labari ya zana. Tsohon ya haɗiye faɗan da ya ɗauko, ya wuce gaba.

Ɗaki na biyu ya fi ba shi haushi. Ga turmi ba mai daka, ga wuƙar Tubawa ba damtsen da za a ɗaura ta, ga kaskon turare sanyi ƙalau, ga sirdin raƙumi a kan tebur. Kowanne da 'yar takarda a gabansa da Faransanci. Ya ga irin taburmar da Falmata ke saƙawa, an kafe ta a bango da ƙusa, an ja igiya a gabanta kada a taɓa. Shekara tara kacal, kayan da ya ci abinci a kansu sun zama abin nuna wa 'yan lakwal, yaran makaranta. Ya ji kamar an kawo shi ta'aziyyar kansa.

"Wannan shi ne ɗakin gulbi," in ji ta, ta tura ƙofa ta uku.

Akwai koma a rataye, da ƙugiyoyi, da mashin kifi. A tsakiya, kan wani dakali da aka zuba wa farin rairayi, goruna huɗu ne, kowanne zaune a kan gammo, baki sama. Ta nuna na biyu daga dama.

Bai buƙaci ya matsa ba. Biyu a jere, tsallake ɗaya, ƙulli. Tsagar ta taso daga wuya ta karkata hagu, kuma a tsakiyarta akwai wurin da zaren ya ƙare ya haɗa da wani mai duhu, don ran nan kabarsa ta yanke ya ciro daga tsohon faifan Falmata. Ya tuna har inda yake zaune da ya yi wannan ɗinki, da Zaid tsugune a gabansa yana riƙe masa goran.

"Yarinya," ya ce, "ina kuka samo wannan?"

"Wani direban ƙungiya ne ya kwaso su, Baba, tun shekarar da aka tashi garuruwa. Ya ce a wata kasuwar bakin gulbi da aka rufe ya gan su, a rumfar masu kifi, an jera su, ba kowa a garin. Suka zauna a magaza, ɗakin ajiyarmu, shekaru kafin a buɗe nan."

A rumfar masu kifi, an jera su. Ya tsallake igiyar da aka ja a gaban dakalin, mai gadi ya yunƙuro, ita ta ɗaga masa hannu. Tsohon ya durƙusa a rairayin, ya rungumi goran kamar mai ɗaukar mara lafiya, ya ɗaga shi daga gammon ya juya.

Zoben na nan, baƙi, faɗin tafin hannu. Wanda ya yi shi bai yi gaggawa ba, ya zagaya wuƙar har bakin ya haɗu.

"Ƙunar ce ta ɓata shi," in ji Halimatu Sa'adiya a hankali, don ta ga fuskarsa ta sake. "Shi ya sa muka zaunar da shi haka, kada ta fito."

Bai zage ta ba. Da wane baki? Ya zauna dirshan da goran a cinya ya gaya mata abin da zoben yake nufi, da gidan da ɗinkin ya fito, da wanda ya ce a je a ɗauko raga. Wasu bayin Allah, a cikin wancan tashin hankali, sun tsaya sun wanke ɗansa, sun yi masa salla, sun hura wuta sun rubuta wasiƙa, sun kai ta inda ake kai wa. Masu karantawa ne aka kwashe a mota. Matar ta cire tabaranta ta rufe fuska da mayafi.

Ya miƙa hannu ya juya sauran ukun. Ɗaya lafiya lau. Biyu da zobe. Ya shafa ɗinkin na farko ya ce tsani ne mai ƙulli a gefe, na gidan Malam Abdullatif, matarsa tana sansanin Sayam har yanzu tana tambayar duk wanda ya fito daga gabas. Na biyun bai san gidan ba, amma ya ce sawun kaza irin wannan na mutanen wajen Boso ne, a nemi tsoho daga can.

"Baba, in gyara maka takarda ka tafi da naka? Zan yi wa darakta magana."

"Bar shi nan. Ni na karanta." Ya mayar da goran kan rairayi, amma a kife, zoben yana kallon sama. "Haka za ki ajiye su duka. Kuma ba a ɗinke goran mamaci, a bar shi ya kwance."

Ya fito ya bi titi, sai da ƙasa ta ƙona masa tafin ƙafa ya tuna ya baro takalmansa, bai koma ba. Ya taɓa rantsewa a haƙa biyu, ga shi yana tafiya da ƙafafunsa, har yana kauce wa amalanke. Abin da ke cinsa yanzu shi ne yadda zai gaya wa Karima. Shekara tara ya tsare yarinyar mutane a kan kwanon tuwo. Yana cikin shirya maganar, yana auna ta inda zai fara, sai ya tuna tsayuwarta da tsintsiya da safe. Daga nan ya tuna ranar da ta je shan lemo ta dawo ba magana. Ya tsaya cik a tsakiyar hanya har wani mai kura ya yi masa tsawa.

Ya same ta a tsakar gida, ta baza tattasai a buhu tana cire masu baƙi. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi fuskarsa, hannunta ya tsaya.

Ya zauna a kan turmi. Ya ce: "'Yata, shawarar nan da kika yi, wata nawa ta ɗauka?"

"Huɗu da kwana goma, Ba."

Takaba ta yi a gabansa, shi yana jiƙa mata saiwa.

"Kin juya shi ke nan."

"Da matan suka wuce gaba, na ɗaga shi kaɗan. Ai na san ɗinkin. Ni na kawo muku ruwa ranar da kuke yi."

"Shekara uku kina zuba kwano uku, kin sani. Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka ce a haƙa biyu." Ta mayar da idonta kan tattasan. "Na rasa ɗaya ban ga inda aka sa shi ba. Ban iya in kashe na biyun da bakina ba."

A nan ne ya yi kuka, kukan da bai yi ba a bakin gulbi, bai yi ba a kan Falmata. Ya yi shi da ƙarfi, ba kunya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suka koma. Da ya lafa ya share fuska da hularsa ya ce gobe zai je wajen liman a yi wa Zaid addu'a, daga can kuma zai wuce rumfar Kashim da kansa, ko zai durƙusa ne.

"Kashim ya yi aure bara, Ba. Har amaryar ta haihu."

Ya sani, mantawa ya yi. A gabansa aka wuce da kayan auren, ya ma ce Allah ya raka taki gona. Ta shigo gidansu tana da goma sha tara, yau ga furfura biyu a gefen kallabinta.

Rana ta yi sanyi, ta tattara tattasan ta ɗora tukunya. Da ta sauke, hannunta ya yi abin da ya saba, ta jera kwano uku ta zuba. Ba Tahiru ya tashi da kyar, ya ɗauki na ukun, ya juye tuwon cikin nata, ya je bakin randa ya wanke kwanon da kansa ya kife shi.